Tayi na Uku

Kun taso kun iske lambun bakin fadama da shingen waya da ƙofar ƙarfe, kun iske mutane na ce mishi lambun Rabi, har baƙin da ke zuwa daga Konni cikin mota suna tambayar gidana. Ban taɓa hana kowa faɗin haka ba, kuma wallahi daɗi nike ji. Amma yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, in na kishingiɗa da hantsi barci ya ɗan fizge ni, ba wannan lambun nike gani ba. Na farko nike gani, mai shingen ƙaya, da wata tsohuwa doguwa siririya tana ratsa fangali da guga a hannu, ƙafarta ko takalmi babu. Inna Kulu ke nan. Manyanku sun san ta zaune a ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogala, ƙananan ko haka ba su riska ba. Ita ce mai lambun. Ni na fitar da ita daga cikinsa, ba da faɗa ba, ba da baƙar magana ba, kuma ina so ku ji daga gare ni yadda anka yi.

Lokacin da anka kawo ni aure daga Alela, wurin nan fili ne kawai na gari, sai jakai ke birgima a kai. Inna Kulu mijinta ya rasu, ɗanta guda yana can Tajaye da ƴan dabbobinsa, ita kaɗai take a gida. Wani rani tana dawowa daga itace ta lura da wata ƴar ciyawa da ta ƙi bushewa alhali komai ya bushe. Ta je ta gaida maigari ta roƙi wurin, ya ba ta yana dariya. Ta fara tono da fartanya da ƙwarya. Masu amalanke in sun biyo hanyar Tsarnawa sai su tsaya su leƙa ramin, su ce, "Inna, in kin tarar da zinariya a tuna da mu." Ita ko ta ci gaba da tononta. Ranar da ƙasar ta fara yin sanyi a hannunta, ta ɗebo dunƙule guda ta shigo gari da shi a tafin hannu, tana nuna ma duk wanda ta gamu da shi, kamar mai nuna jariri.

Daga nan mata sunka fara bin ta ɗaya bayan ɗaya. Ba wani sharaɗi. Ki zo da gugarki da fartanyarki, Inna ta dube ki, ta ja layi da dugadugin ƙafarta a ƙasa ta ce, "Daga nan zuwa nan naki." Shi ke nan kin zama ƴar lambu. Ba ta taɓa ƙidaya mu ba, in wuri ya ƙare sai ta rage nata. Ni ma haka ta ja mini nawa, ina amarya, ina ta kunya, ta ce, "Ta Alela, a garinku dai ana sunkuyawa ko?" Sunan da ta bi ni da shi ke nan har ƙarshen rayuwarta.

Kai, ɗiyana, da kun ga safiyar lambun nan. Mu fito da sanyin safe, wani ɗan farin tururi na kwance bisa fadama, ba ka ganin ƙafafun matan da ke gabanka, sai kawunansu da tuluna suna tafiya kamar bisa ruwa. Ƙamshin albasa jiƙaƙƙiya ya tare ka tun daga nesa. Balbelu su sauko su tsaya mana a gefe, ba su tsoron kowa. Inna in ta iso bakin rijiya sai ta sunkuya ta ce mata, "Kin kwana lafiya?" sannan ta zura guga. Mu yi ta dariya, ita ko a jikinta. Har yau ban rabe ba, ko da gaske sure da tonka, yakuwa da barkonon nan namu, sun yi koren da nike tunawa, ko idona ne na ƙuruciya ya ƙara musu. Amma fa akwai wuya. Duk damina rijiyar ta rufta, mu sake tono. Duk rani mu shiga daji saran ƙaya, hannuwa su yi ta jini, kuma akuya guda in ta samu kafa, aikin wata biyu ya tafi kafin azahar.

Shekaru sunka wuce haka, ina ta haihuwa, har na aurar da ta fari. Sai shekarar da farar mota ta tsaya a bakin lambu. Wata yarinya ta fito, mai gilashi, ba ta wuce sa'ar yayarku ba, munka dinga ce mata Madam. Daga Yamai take, Hausarta ta sayen goro ce kawai, don haka anka turo ni gaba, tunda na ɗan zauna lakwal, makarantar boko, a Alela, ina tsintar faransanci, ina iya riƙe bik in yi rubutu. Ta zagaya lambun, ta leƙa rijiya, ta taɓa ƙayar shinge ta soke ta, ta tsotse yatsa. Yarinyar kirki ce, ban taɓa ganin laifinta ba. Ta ce proje ɗinsu, wato shirinsu na tallafi, ba ya kafa sabon abu, waɗanda sunka riga sunka tashi da kansu yake tallafa ma. Su za su kawo waya da siminti da famfo mai aiki da rana. Mu mu kawo yashi da tsakuwa da ƙarfin jikinmu. Ma'aikatar magajin gari ta buga hatimi a takarda. Sai dai dole mu zama ƙungiya mai suna, mai lis na sunayenmu a rubuce, kuma mace ashirin cif, domin ruwan da masu auna ƙasa sunka gani na fangali ashirin ne.

Da na juya maganar da Hausa, guɗa ta tashi. Ladi, ƙawata mai bakin nan da kunka sani, ta tuɓe ɗankwali tana juyi, tana cewa, "Yau na saki ƙaya, saki uku!" Ni ma na yi murna. Amma a hanyar gida na fara lissafa mu da yatsu, daga fangalin gabas zuwa na yamma. Na kai ƙarshe na sake farowa. Ashirin da ɗaya muke. Kuma wadda ta shigo ƙarshe, wadda in za a cire guda ita kowa zai duba, ɗiyata ce ta fari, yayarku, wadda ba na faɗin sunanta. Mijinta ya tafi ci-rani shekara uku, ba wasiƙa, ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi. Ta dawo mana da yara biyu da tabarma guda. Watanni kaɗan kafin zuwan motar, Inna ta rage nata fangalin ta ja mata layi, kuma tun daga ranar na fara ganin yarinyar tana cin abinci kamar mutum.

Na gaya ma babanku yana ɗaure ma jaki kayan amalanke. Bai ko ɗago ba.

"To ke ki bar mata naki mana."

"In bar mata nawa, ku ci mi a gidan nan? Albasata ce ke sayen gishiri da sabulu, ko ka manta?"

"Ban manta ba. Allah shi kawo mafita."

Haka yake, Allah ya jiƙansa, in ya miƙa ma Allah magana sai ya hau amalankensa ya bar ni da ita.

Yanzu sai in tuna muku wani abu da kunka sani, amma na ga ƴan bayanku sun fara sakinsa. A wurinmu babba ba ya karɓar abu a tayi na farko. Ko fura ka miƙa ma dattijo yana fama da ƙishirwa, zai ce, "Alhamdu lillahi, na sha." Ka sake, ya ce, "A'a, a ba yara." Sai a na uku ya ce, "To, tunda ka matsa," ya miƙo hannu. Biyun farko mutuncinsa ne yake gyarawa. Na ukun kuwa nauyi ne a kan wanda abin ke hannunsa, ba wani na gefe ba. In mai abu ya tsaya a biyu, to ya gaya maka da ma bai yi niyyar ba ka ba, kuma ba ka da bakin magana, tunda kai ka ce a'a.

Ranar rubuta lis munka taru da la'asar a gindin tsamiyar da ke bakin lambu. Madam na kan kujera, ni ina kan turmi kusa da ita, takarda bisa cinyata, layi ashirin, bik a hannuna. Inna ta saka farin mayafinta na Juma'a, ta zauna a tsakiyar tabarma. Madam ta ce a fara da wadda ta kafa wurin. Na ce,

"Inna, da sunanki za a buɗe."

Ta kaɗa hannu. "Ni? Ku sa yara. Ni mi ya rage mini?"

Ladi ta yi caraf. "Haba Inna! Wa ya tono ruwan? In babu ke ai sai mu rubuta jakan da ke birgima a nan."

Anka yi dariya. Inna ma ta yi, ta ce, "A'a, Ladi, ƙyale ni. Masu ƙarfi su shiga." Tana faɗin haka tana gyara bakin mayafinta, tana ɗan matsowa gaba bisa tabarma. Na ga matsowar nan da idona. Sai duk anka juyo ana dubana, domin takardar a hannuna take. Na ji kukan wata kurciya can cikin tsamiya, na ji iska na taɓa ganyen albasa. Kalma nawa ce? "Don Allah, Inna, ki karɓa." Tana bisa harshena. Na ɗaga ido na hangi yayarku a can ƙarshen taro, goye da ƙaraminta, tana duban ƙasa.

Madam ta sunkuyo ta tambaye ni da faransanci ko tsohuwar ba ta so ne. Na ce mata i, ba ta so. Ta ce kash, amma ta gane, aikin da nauyi ga mai shekaru, ta yi ma Inna murmushi ta jinjina mata. Na sunkuyar da kai na kira sunan Ladi.

Ba wadda ta gyara mini. Kada ku ɗauka ni kaɗai na iya ƙidaya, kowace a wurin ta san ashirin da ɗaya muke, kuma kowace ta ji sanyi a ranta da ba ita abin ya faɗa ma ba. Amma wannan bai wanke ni ba. Na bi layi ina rubutawa har na kai na ashirin. Sunan da bakina bai taɓa furtawa ba tun ranar da na haife ta, ranar nan hannuna ya rubuta shi harafi bayan harafi. Inna ta zauna har anka shafa fatiha. Ta tashi ta kakkaɓe mayafi ta ce, "Allah ya sa albarka," ta kama hanyar gida ita kaɗai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yashi. Da lokacin ɗibar yashi da tsakuwa ya yi, munka fita ƙorama da kwanoni, sai ga Inna da nata kwanon da gammonta. Ba wanda ya kira ta, ba wanda ya iya ce mata ta koma. Kwana tara tana jido tare da mu, ita ke ba da waƙa muna amsawa. In munka haɗu a hanya, ni da kaya ita ba kaya, sai ta ce, "Sannu, Ta Alela, a hankali da wuya." Da ta zage ni da na samu sauƙi. Rijiyar siminti ta tashi a daidai inda ta fara tono da ƙwarya. Anka ja waya, anka kafa ƙofa, anka ɗora faifan rana bisa ƙarafa. Ranar rabon fangali anka zo da igiyar awo, ana kiran suna ana shiga. Inna ta tsaya a waje ta dafa waya da yatsunta, tana kallon ruwa na zubowa daga bakin famfo ba wanda ya ja shi. Ta ce, "Ikon Allah. Ashe haka rijiyar take da ruwa." Daga ranar ba ta ƙara saukowa fadama ba.

Na ce a raina zan gyara. Na sami Madam na ce mata akwai kuskure, a ƙara layi guda. Ta ce lis ya riga ya wuce buro, ofishinsu na Konni, daga can ya tafi wurin masu ba da tallafin, ba a taɓa shi sai in wata ta fita wata ta shiga. Ga ƙofa nan a buɗe, kun gani ko? In fita ta shiga. Amma na zama sakatariyar ƙungiya, ni ke riƙe da mabuɗi, ni ake kira taro a Malbaza in zauna bisa kujera a ba ni lemu mai sanyi. Albasa ta yi kyau shekarar nan irin wanda ba mu taɓa gani ba. Yayarku ta yi ƙiba, ta saya ma yaranta takalma, da kuɗin albasarta biyu daga cikinku sunka ƙare lakwal. Duk girbi in cika kwando in aika ma Inna. Ta karɓa, ta yi godiya, ta sa albarka. Ladi ce ta gaya mini ko guda ba ta ci, raba ma maƙwabta take yi.

"Ke dai Rabi, kin iya aike," in ji Ladi. "Ƙafarki ce ba ta san hanyar gidan ba?"

"Ke da kika iya, mi ya hana ki ba ta naki?"

"Ni na yi na biyu. Na uku ba nawa ba ne."

Munka yi sati ba mu gaisa ba. Na yi fushi ƙwarai, don ta faɗi gaskiya.

Rani uku sunka wuce. Alƙali ya raba auren yayarku da wanda ya ɓata, wani mutumin kirki na Malbaza ya nema, ta tare can. Fangalinta ya zama ba mai shi. Ku lura da kyau, don nan ne ba na so ku yi mini kara: sai da wurin ya zama ba zai rage ni da komai ba sannan na sami ƙafar zuwa. Na yi wanka, na saka mayafi, na ƙulla goro, na tafi da hantsi. Na iske ta a ƙofar ɗaki, faifai bisa cinya. Ta rame, tsawon nan nata duk ya tanƙware. Munka gaisa, ta tambayi mutanen Alela ɗaya ɗaya, har waɗanda sunka daɗe da rasuwa. Ta tambayi rijiya, ko tana ja da baya in zafi ya yi. Na ce ba ta taɓa ba. Ta gyaɗa kai kamar an ba ta labarin ɗiyarta da ke gidan miji lafiya.

Na ce, "Inna, wuri ya samu a lambu. Na zo in rubuta sunanki."

"A'a, ku sa yara."

"Haba Inna, lambunki ne."

"Masu ƙarfi su shiga, Ta Alela."

Na sauka daga kan tabarma na durƙusa a ƙasa, na dafa ƙafarta.

"Don Allah, don Annabi, Inna, ki karɓa."

Ta tsinke ganyen da ke hannunta har ƙarshen reshe, ta ajiye karan a gefe, sannan ta dube ni. Babu fushi a idonta ko kaɗan, kuma wannan ne ya karya ni.

"Ashe kin iya," ta ce. "Ni ma fa na iya ƙidaya. Tun ranar da yarinyar mota ta ce ashirin na san guda za ta fita, kuma na san ni ce. Ina zan kai fangali da wannan bayan nawa? Cewa na yi ki yi mini na uku, in karɓa, a rubuta Kulu a layin farko, ko na ɗan lokacin shan ruwa ne. Sannan in kira ɗiyarki gaban mutane in ce, zo, na ba ki nawa. Duk wadda ta shiga wurin nan ni na ba ta da ƙafata. Ita ma so na yi a ce ni na ba ta."

Na kasa ɗaga kai. Hawaye na ɗiga bisa ƙafarta, ta janye ta a hankali, ta sa hannu ta shafa kaina kamar yadda take yi mini ina amarya.

"Tashi, kada ki ɓata mayafinki. Wannan a'a ɗin ta gaskiya ce. Ki ba wata."

Na ba wata. Kafin damina ta faɗi ɗanta ya zo da amalanke ya ɗauke ta zuwa Tajaye, can ta cika, can anka rufe ta. Hanyar fita gari ta bakin lambu ta bi, kuma ranar ina ciki ina ban ruwa. Na ji ƙarar amalanken, na san ita ce, ban iya fitowa ba.